Tafiyar Naitirojin Tsakanin Iska da Gona da Rijiya

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori ta nufi Malumfashi a tsakiyar damina, lokacin da marka ta kankama masara ta rufe kunya, in dai yana da idon lura, ba zai rasa ganin wani al'amari da ya cancanci tadabburi ba, wato gonaki biyu da iyaka ɗaya ta raba, waɗanda aka shuka da ruwa ɗaya, wataƙila ma daga buhu ɗaya aka ɗebo irinsu, amma ɗaya ta yi kore shar har tana neman komawa baƙi, ɗayar kuwa ta tsaya iya ƙugu, ganyenta na ƙasa ya yi rawaya tun daga tsini, rawayar tana bin jijiyar tsakiya tana gangarowa wajen kara. In aka tambayi mai gonar, amsarsa ba ta wuce biyu: ko ya ce ƙasa ta gaji, ko ya ce taki bai samu ba. Dukkansu gaskiya ne, sai dai ba su kai ga asalin illar ba, domin abin da ƙasar ta rasa, wanda kuma ake biɗa a cikin buhun takin, wani sinadari ne guda da masana ke kira naitirojin, wanda saninsa da sanin yadda yake kai da komowa ya zama wajibi a kan duk al'ummar da abincinta da tufarta suke fitowa daga ƙasa.

Abin mamaki na farko game da wannan sinadari shi ne yawansa. Iskar da ke kewaye da mu, wadda muke shaƙa dare da rana, kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, har ya zama wanda ke bisa gonar talaka mai eka ɗaya ya fi abin da shi da jikokinsa za su buƙata har abada. Amma duk da haka masarar nan tana tsaye a cikinsa tana ramewa saboda rashinsa. Dalili kuwa shi ne, a cikin iska ƙwayoyinsa a haɗe suke biyu-biyu, da wani ɗauri mai tsananin ƙarfi da tsiro ko dabba ba su iya kwancewa, saboda haka yadda muka shaƙe shi haka muke fitar da shi, bai amfane mu da kome ba. Misalinsa kamar rumbu ne cike da hatsi a tsakar gida, an yaɓe bakinsa, iyali suna kewaye da shi da yunwa. Alhali kuwa babu mai rai da zai rayu ba da shi ba, gama da shi ake gina furotin, wato abin da tsoka da jini da nono da ƙwai suka ginu a kansa, wanda kusan kashi 16 cikin 100 na nauyinsa naitirojin ne. Da shi ne ganye ke yin koren da yake kama hasken rana. Da shi ne kuma aka rubuta gadon halitta da ɗa ke ɗaukowa daga iyayensa. Yaron da aka yaye aka bar shi da koko tsura, ba wake ba nono ba ƙwai, har ƙafafunsa suka kumbura gashinsa ya yi ja, da masarar da ta yi rawaya a bakin hanya, a wani ɓangare na al'amarinsu abu guda suka rasa.

To, ta ina ake buɗe wannan rumbu? Cikin hikimar Ubangiji, ƙofa ta farko tana sama, domin duk sa'ad da walƙiya ta keta hadari, zafinta yakan tsinka wancan ɗauri, naitirojin ya haɗu da ɓangaren iskar da jikinmu ke amfani da shi wajen numfashi, ruwan sama ya sauko da shi ƙasa; amma abin da ke zuwa ta wannan hanya kaɗan ne ƙwarai. Babbar ƙofa tana ƙarƙashin ƙafafunmu, a hannun wasu halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita, waɗanda ake kira bakteriya. Wanda ke son ya ga aikinsu da idonsa, sai ya je gonar gyaɗa ko wake ko waken suya da ta yi kamar wata ɗaya da rabi, ya sa fartanya ya tono tushe guda a hankali, kada ya fizge, ya wanke saiwar a cikin ƙwarya. Zai ga wasu ƙulle-ƙulle ƙanana manne da ita, na gyaɗa kamar ƙwayar gero ko dawa, na waken suya har su kai girman ɗan wake. In ya sa farce ya fasa ɗaya, ya tarar cikinsa ja-ja ne kamar tsoka, to masu aikin suna nan a raye, suna karɓar naitirojin daga iskar da ke ratsa ƙasa suna mayar da shi abincin tsiro, shi kuma tsiron yana biyansu da zaƙin da ganyensa ke haɗawa. In kuwa fari ne ko kore, aiki ya tsaya. Wasu masana biyu na ƙasar Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da wannan da hujjar gwaji a shekarar 1886, amma manomin Hausa ya riga ya yi aiki da shi tun ƙarnoni kafin a haife su, lokacin da yake ratsa wake a tsakanin dawa da gero, yake kuma sa dawa bana a inda ya cire gyaɗa bara. Bai san sunan bakteriya ba, ya dai san bayan gyaɗa hatsi yakan yi kyau.

Haka nan al'amarin gawo, wanda ɗan'uwan wake ne a wajen masana tsirrai ko da yake kamanninsu sun nisanta. Shi ma yana da waɗannan baƙi a saiwarsa, ga shi kuma da wata ɗabi'a da ta saɓa wa sauran itatuwa, ta zubar da ganye da damina, ya bar rana ta sauka a kan shuka, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma ya yi inuwa dabbobi su taru a gindinsa suna cin 'ya'yansa suna zuba kashi. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun koma ga renon tohon itatuwa a gonakinsu maimakon sarewa, gawo na cikin manyansu, har aka farfaɗo da miliyoyin hekta da a dā aka fid da rai da su.

Da zarar naitirojin ya shiga jikin tsiro, tafiya ta fara. Mutum ya ci ƙosai ko alala, akuya ta ci harawa, sa ya ci karmami. Wani kaso ya zama tsoka, mafi yawa ya fita ta fitsari da kashi. Ganye ya faɗi, saiwa ta ruɓe, mai rai ya mutu. Sai wata ƙungiyar bakteriya ta karɓi wannan duka ta warware shi zuwa amoniya, wato abin nan mai yaji da ke bugun hanci a turken tumaki da sassafe ko a bakin masai. Wata ƙungiyar kuma ta karɓi amoniya ta juya ta zuwa naitiret, wanda shi ne abin da saiwar masara ta fi sha, sai dai yana da aibi guda, ba ya kama ƙasa, duk inda ruwa ya nufa nan yake binsa. A ƙarshe, inda ruwa ya kwanta a gona har iska ta kasa shiga ƙasa, akwai wasu bakteriya da ke cin naitiret ɗin su mayar da shi iska, ya koma sama inda ya fito. Wannan kai da komowa shi ne abin da littattafan makaranta ke kira zagayen naitirojin, kuma a cikinsa ne ake samun bayanin abubuwa da dama da manomi ya sani ta hanyar jarrabawa: me ya sa masarar kwari takan yi rawaya in marka ta daɗe ko da an ba ta taki, me ya sa kuma shukar ruwan farko takan fi ta baya ƙarfi, domin ƙasar da ta sha rani, da ta jiƙe sai bakteriya su farka gaba ɗaya su saki naitiret mai yawa a 'yan makonni, wanda ya yi jinkirin shuka kuwa ruwa ya riga shi kwashewa.

Magabata sun riƙe wannan zagaye a rufe gwargwadon hali, ba tare da sun karanta shi ba. Gonar da ta gaji akan bar ta saura ta huta shekaru. Da rani a ga jakuna da mangaloli suna jigilar juji da kashin tumaki daga gari zuwa gona, ana zubawa tsibi-tsibi. Bayan girbi kuma manomi yakan roƙi Bafulatani ya sauka da garkensa a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, shi kuma ya ba shi damin dawa. Abin da gona ta bayar, mafi yawansa yakan koma mata. Ba Hausawa kaɗai ba, malaman Musulunci na dā ma ba su ɗauki maganar taki ƙasƙanci ba, ga Ibnul Awwam na Ishbiliya a Andalus, wanda a ƙarni na 12 ya wallafa Kitabul Filaha, ya yi dogon bayani a cikinsa kan nau'o'in taki da ƙasar da kowanne ya dace da ita. Amma kada a ƙawata zamanin dā fiye da kima: amfanin gona kaɗan ne, jama'a kaɗan ce, daji yana da faɗi, in fari ya zo kuma yunwa takan yi ɓarna.

Ƙofa ta uku ɗan Adam ne ya buɗe ta da hannunsa. A shekarar 1909 wani masanin haɗa sinadarai Bajamushe, Fritz Haber, ya nuna cewa in aka matse naitirojin na iska tare da wani sinadari mai suna haidirojin cikin zafi mai tsanani, za a sami amoniya. Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da gwajin masana'anta, wadda ta fara aiki a Oppau a 1913. Farkon babban amfanin da aka yi da ita, abin takaici, na albarushi ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma daga bisani ita ce ta zama uwar takin zamani, har yau duniya tana zuba fiye da tan miliyan 100 na naitirojin a gonaki kowace shekara, masana kuma suna ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen da ke raye, da abincin da wannan taki ya haifar suke rayuwa. Da yake daga iskar gas ake samun haidirojin ɗin, Nijeriya ta shiga sahu: aka kafa masana'antar Onne a Jihar Ribas a ƙarshen shekarun 1980, ta Indorama a Eleme ta biyo baya, sa'an nan ta Ɗangote a Legas, wadda aka buɗe a 2022 da ƙarfin yin tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Saboda wannan alaƙa da gas ne, da kuma kasancewar taki hajar kasuwar duniya, yaƙin da ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022 ya taɓa aljihun manomin Kafur da bai taɓa jin sunan waɗannan ƙasashe ba.

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi tana cikin wuraren da wannan sauyi ya fi bayyana a duk Arewa. A dā ƙasar auduga ce da dawa da gyaɗa, shaidarta injinan gurzar auduga da Turawa suka kafa da layin dogo da ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau. Masara kuwa abar bayan gida ce, inda juji ya yi yawa, a gasa a ci kafin sabon hatsi ya nuna. Sai a 1975 aka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe, aka buɗe cibiyoyin sayar da kayan gona a ƙauyuka, aka yi hanyoyi, aka kawo ingantaccen irin masara da cibiyoyin bincike na Ibadan da Samaru suka samar, gwamnati kuma ta ɗauke mafi yawan kuɗin taki. Dattawa suna tuna lokacin da sai an lallashi mutum kafin ya karɓi buhu, wasu suna cewa yana ƙona ƙasa. Ba a yi shekara ashirin ba masara ta fita daga bayan gida ta mamaye daji, kasuwanni irin ta Ɗandume suka cika da manyan motoci, mutane da yawa suka yi rufin kwano suka sauke farali da kuɗinta. Wannan alheri ne da ba mai musunsa sai wanda bai san yunwa ba.

Sai dai masara, a cikin hatsinmu duka, ita ta fi kowa cin naitirojin, ba ta kuma mayar da kome. Buhunan da ake lodawa zuwa Kudu da masana'antun abincin kaji, ƙarfin ƙasar Bakori da Danja ne ke tafiya a cikinsu, ba ya dawowa. Karan da ya rage an kwashe don dabbobi da girki da danni, wanda ya saura kuma a cinna masa wuta lokacin sassabe, alhali wuta tana barin toka ne kawai, naitirojin ɗin yana tashi da hayaƙi. Jama'a ta yi yawa, gado ya rarraba gonaki, babu mai halin barin saura. Tsohuwar mu'amalar manomi da makiyayi kuwa, wadda ita ce babbar hanyar mayar wa gona haƙƙinta, fitinar rashin tsaro da ta addabi yammacin wannan yanki, wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ta yi mata mummunan rauni. Da haka ruɓaɓɓen abin da ke sa ƙasa ta yi duhu da laushi, wanda shi ke riƙe ruwa da taki, ya yi ta raguwa shekara bayan shekara, har ƙasa ta koma fara, manomi ya ga buhu biyar na bana ba su yi masa abin da uku suka yi wa mahaifinsa ba. Yawan yuriya shekara da shekaru ba tare da takin gida ba yana kuma sa ƙasa ta yi tsami. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, mai furen nan ja-ja da ke tsotsar saiwar dawa da masara, shi ma ya fi samun sarari a gonar da naitirojin ya ƙaranta, don haka ganinsa ya yi yawa alama ce da ta isa mai hankali.

A nan ne nake ganin mafi girman asararmu, wadda kuma ta fi sauƙin magani. Buhun yuriya mai kilo 50, naitirojin da ke cikinsa kilo 23 ne, tun da kashi 46 cikin 100 ne. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi kacal yake ɗauke da shi. Sau da yawa mutum ya sayar da akuya ko ya ci bashi ya sayi wannan buhu, sa'an nan ya ba yara su bi kunya suna ajiye shi a gindin masara a fili, farare tas kamar ƙanƙara, rana tana dukansu. Yuriya in ta taɓa danshi ba a rufe ta ba, cikin 'yan kwanaki takan juye amoniya ta bi iska; in kuma ruwa mai ƙarfi ya sauko a daren, sai ya wanke ta zuwa kwari. Ko a ƙasashen da suka ci gaba, abin da shuka ke sha daga takin da aka zuba bai cika kai rabi ba, balle inda aka watsa shi a sarari. Alhali da an sa tsinke ko bakin fartanya an yi ɗan rami nesa da tushe kamar faɗin tafin hannu, an zuba an rufe, bayan an yi noma an kawar da ciyawa, aka kuma raba takin kashi biyu, kamfa a mako na farko ko na biyu bayan tsiro, yuriya wajen mako na biyar ko na shida kafin masara ta yi goyo, da mafi yawan abin da ke gudu ya tsaya. Wahala ce, gaskiya, kuma 'yan ƙwadago ba sa son ta. Amma wanda ya lissafa kuɗin buhu ya san wace wahalar ta fi.

Abin da ya gudu daga gona kuwa ba ɓacewa yake yi ba, wani wuri yake sauka, kuma a nan ne maslahar mutum ɗaya takan zama mafsada ga jama'a. Naitiret da ya nutse ƙasa yakan tarar da ruwan rijiya, musamman gajeriyar rijiya da ke kusa da masai, ko turken dabbobi, ko fadamar da ake noman rani ana ɗura wa tumatir da albasa taki ba awo. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ruwan yana nan garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a kowace lita, saboda jarirai 'yan ƙasa da wata shida, waɗanda in aka dama musu madara ko aka yi musu ɗuri da irin wannan ruwa, jininsu yakan kasa ɗaukar iskar numfashi, leɓɓansu da faratansu su yi shuɗi-shuɗi, numfashi ya yi wuya. Wani likita a Amurka ne ya fara danganta wannan ciwo da ruwan rijiyoyin ƙauye a 1945. Abin lura ga iyaye mata shi ne tafasa ruwa, ko da yake yana kashe ƙwayoyin cuta, ba ya kawar da naitiret, sai ma ya ƙara masa kauri in ruwan ya ƙone. Kariyar jariri mafi inganci ita ce nonon uwa zalla har wata shida, kamar yadda ma'aikatan asibiti ke ta faɗa, sa'an nan a nisanta masai da rijiya tun ranar haƙa.

Wanda ya bi ruwan sama ya gangara rafi kuma, madatsun ruwa yake tararwa, irin su Mairuwa da Gwaigwaye da jama'ar Funtuwa ke dogaro da su. Taki a cikin ruwa aikin da yake yi a gona shi yake yi: gansakuka da ciyayin ruwa su haɓaka, in sun mutu suna ruɓewa su shanye iskar da kifi ke numfashi da ita, tace ruwan sha kuma ya ƙara tsada. Ya kamata mu tuna cewa Kogin Sakkwato daga wannan yanki na Funtuwa ya faro, ya bi ta Gusau ya zuba a madatsar Bakolori kafin ya wuce, saboda haka abin da muka sake a nan, wasu bayin Allah ne ke sha a can. Wanda ke son ya ga ƙarshen wannan hanya in an yi sakaci, ya dubi Amurka, inda Kogin Misisipi ke kwaso takin gonakin masara ya zuba a Tekun Meziko, har kowace bazara akan sami wani yanki da kifi ba ya iya zama a cikinsa, wanda a 2017 faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000. Akwai kuma kason da ke komawa sama a siffar wata iska mai suna naitiros oksaid, wadda awo ɗaya nata yake riƙe zafin duniya kusan ninki 270 na hayaƙin da injuna ke fitarwa, tana kuma daɗewa a sama fiye da shekara 100. A ƙasar Holan yawan naitirojin daga dabbobi da taki ya kai har kotu ta tilasta wa hukuma ragewa a 2019, manoma suka fito da taraktoci suka tare hanyoyi.

Kada mai karatu ya fahimci cewa ana kiransa ne ya bar takin zamani. Ƙasar Siri Lanka ta jarraba haka a 2021, ta hana shigo da shi dare ɗaya, shinkafa da shayi suka faɗi, ba a rufa shekara ba ta janye dokar. Mu kam halinmu ya bambanta da na Holan, gama lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006 kan maganar taki, abin da manomin nahiyar ke zubawa bai wuce kimanin kilo 8 a hekta ba, suka ƙudura a kai shi 50. Ƙasarmu yunwa take ji, ba ƙoshi ya yi mata yawa ba; abin da ya sa al'amarinmu ya fi ban haushi shi ne ga ƙaranci ga israfi a gona guda. Mizani shi ne a haɗa na buhu da na turke, a mayar da waken suya da gyaɗa da wake cikin juyin gona, ba don kuɗinsu da awara da ƙuli-ƙulin da ke gina jikin yara kaɗai ba, har don abin da suke bari a ƙasa, da kuma yadda wasu irin waken suya ke yaudarar ƙwayar ƙuduji ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Har akwai garin bakteriya da ake sayarwa a ƙananan ƙunshi, a cuɗa shi da irin waken suya kafin shuka don ƙulle-ƙullen su yawaita.

Saura maganar koyarwa, wadda ita ce ta fi damuna. Wannan darasi yana cikin manhajar sakandare, kowace shekara ɗalibai a Funtuwa da Malumfashi suna zana shi a allo da kibiyoyi da sunaye masu wuyar faɗa, su haddace don jarrabawa, su manta bayan mako guda. Da yamma kuma yaron nan da ya zana shi shi ne zai je gonar mahaifinsa ya watsa yuriya a fili, bai taɓa kawowa a ransa cewa zanen allo da abin da ke hannunsa abu ɗaya ne ba. Ilimin da bai sauka daga allo zuwa kunya ba, ban ga fa'idarsa ga ɗan manomi ba. Malamin da ke koyar da wannan babi a ƙasar da gyaɗa ke bayan tagar ajinsa ba shi da uzurin tsayawa ga alli. Ya fita da yara su tono saiwa su fasa ƙulli su ga jan. Ya ware kunya huɗu a gonar makaranta, ɗaya ba taki, ɗaya a watsa, ɗaya a binne, ɗaya a haɗa da takin gida, yara su auna da tiya da kansu ranar girbi. Ya yi bayanin da Hausa kafin ya ba su sunayen Turanci. Malaman gona na hukumar raya karkara ta jiha, da gidajen rediyo, da masu sayar da taki a kasuwa waɗanda su manomi ya fi gani, kowa yana da rabonsa. Malaman addini ma, da suke karantar da babin tsarki da hukuncin ruwa, suka san haramcin cutar da maƙwabci da ɓata mashayar jama'a, in suka fahimci yadda masai da taki ke isa rijiya ta ƙarƙashin ƙasa, kalma ɗaya daga bakinsu bayan sallar Juma'a ta fi takarda ɗari.

Kira na ga hukumomin lafiya da na ruwa a ƙananan hukumomin wannan yanki shi ne su riƙa auna rijiyoyin ƙauyuka da na fadamu, ko da sau ɗaya a ƙarshen damina, tun da abin awon ba shi da tsada, su kuma sanar da masu unguwanni sakamakon. Kai kuma ɗan'uwa manomi, in Allah ya kai mu damina mai zuwa, ka rufe takinka da ƙasa, ka daina ƙona kara, ka ware wa waken suya ko gyaɗa kashi ɗaya na gonar da ta saba ɗaukar masara, in ka tarar da tohon gawo a cikinta kuma ka kewaye shi da garma ka bar shi ya girma.